Endris Masaƙi da Ɗakin Emama Aregash

Endris Yimam ya shigo Dese a shekarar babbar yunwa, shi da matarsa Toyba da 'yarsu Lubaba a goye, itatuwan masaƙarsa ɗaure a ka. Daga ƙauyensu na ƙasar Yejju suka taho a ƙafa. Sun taso su huɗu, amma ɗan farinsu bai ƙarasa ba, a gefen hanya suka binne shi. Ni a lokacin shagon askina yana bakin lungun da ke gangarowa daga kasuwar Litinin, duk wanda zai shiga unguwar ko zai fita sai ya gifta ta gabana. Na san Endris tun yana ƙashi da fata, har ya tsufa kansa ya koma fari fat a ƙarƙashin almakashina.

Shekararsa ta farko a gari ta ƙare ne a ɗaukar kaya. Masaƙin wajenmu ba ya aiki sai ya haƙa rami a tsakar ɗaki ya zura ƙafafunsa, kuma ba mai gidan da ke son a haƙa masa rami. Sai ya kama ɗaki, ya haƙa, mai gida ya leƙo ya gani, a watso musu tabarmi waje. Haka suka yi ta yawo har suka faɗo gidan Emama Aregash, wato Inna Aregash a harshenmu, gidan da ke kallon shagona.

Emama Aregash Kirista ce, mijinta yaron mota ne da ya mutu a hanyar Asab tun tana da sauran ƙuruciya, kuma ba ta da ɗa a raye. Ɗakuna huɗu gare ta a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, na laka da itacen turare irin na kowa. Da suyar injera, faffaɗar wainar ƙasarmu, ta gina su. Shekaru masu yawa tana durƙushe gaban kasko tana yi wa wani otal suya, in ta tara abin kwano ta sayi kwano, in ta tara abin ƙusa ta sayi ƙusa. Tana zaune a ɗaya, uku na haya. Tana ɗingisa ƙafar hagu, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Kada wani ya ce muku waliyyiya ce. Bakinta ya fi askata kaifi. Makewayin gidan kwaɗo take sa masa, makullin kuma yana rataye a wuyanta, zare ɗaya da gicciyenta, duk mai buƙata sai ya je ya tsaya a ƙofarta ya roƙa. Kowace sabuwar shekara sai ta ƙara kuɗin haya. In ranta ya ɓaci, "'yan yunwa" take kiran Endris da iyalinsa, a gaban kowa. Amma ita ce kaɗai a unguwar ta dubi itatuwan masaƙar nan ta ce, "Haƙa raminka, kai masaƙi. Ran da za ka tashi dai ka cike mini shi da hannunka." Kuma da ƙyanda ta kwantar da Lubaba, ita ta kawo man shanunta na ajiya, ta zauna gefen yarinyar tana yi wa Toyba faɗan rashin iya jinya har aka samu sauƙi.

Ana cikin damina ta shekarar 1975 ta kira Endris ta ce masa da zarar ruwa ya ɗauke ya nemi wani wuri, wani malamin makaranta ya taya ɗakin da abin da ya fi. Toyba tana da tsohon ciki. Endris ya zo shagona ya zauna a benci, bai ce a yi masa aski ba, yana ta murza hularsa.

Ba a daɗe ba sanarwar ta fito a rediyon shagona. Sojojin da suka tuɓe sarki sun riga sun karɓe gonaki daga masu ƙasa a farkon shekarar, yanzu sun juyo kan birni. Filin gari duka na gwamnati ne. Kowane iyali gida ɗaya, abin da ya haura na jama'a ne, ƙungiyar unguwa da ake kira kebele ita za ta riƙe. Kuɗin hayar ƙananan ɗakuna an zabge rabi. Shagon ya cika har waje, wasu na guɗa, wasu sun yi tsit.

Endris ya matso kusa da kunnena. "Kassaye, ni fa ban gane wannan yaren nasu ba. Me suke cewa?"

Na ce, "Cewa suke ba mai tashin ka."

"Ko ita?"

"Ko ita."

Ya koma ya zauna, ya rufe fuskarsa da hular, kafaɗunsa na girgiza. Wanda bai taɓa ganin an watso tukunyar matarsa kan titi ba, ba zai san abin da wannan mutumin ya ji ba, kuma ni har gobe ba na ganin laifin kukan.

Kwana kaɗan kafin taron kebele, Emama Aregash ta aika a kira shi da matarsa shan gahawa da la'asar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta watsa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turare a wuta, ta soya gahawar a gabansu. Sai da aka kai zagaye na uku, na albarka, sannan ta yi magana.

"Endris, ɗana. Ɗakuna biyun can na sallama, su ci. Naka nake so ka bar mini. In sun tambaye ka, ka ce kai ɗan ƙanwata ne da ta auri Musulmi a Yejju, zaman gida ɗaya muke yi. Wa zai musa? A nan ƙasarmu ta Wollo wane gida ne babu mai salla da mai zuwa coci? Abin da suka ce a biya, shi za ka ba ni, ba zan ƙara ba, ba zan tashe ka ba, Maryama ce shaidata. Bayana ya gama aiki, ɗana. Ɗakin nan shi ne abincin tsufana."

Endris ya ce, "To, Emama."

"Rantse."

"Wallahi."

An yi taron a filin da ke bayan famfo, ƙarƙashin itatuwan turare, ƙasa duk caɓi. Wanda ke jan ragamar wani matashi ne, ɗalibi, Mesfin, siriri mai ƙaton gashi, kowa yake kira guad, wato abokin gwagwarmaya, har tsofaffin da suka haifi ubansa. Ba mugun yaro ba ne. Uwarsa wankau take yi, shi ma a ɗakin haya ya tashi, kuma da zuciya ɗaya ya yarda da abin da yake faɗa. Kafin a fara ya yi bayani: ɗan haya za a rubuta ɗakin da sunansa, ba mai fitar da shi har abada. Ɗan uwan mai gida kuwa baƙo ne, kebele ba ta san da zamansa ba.

Da aka zo gidan Emama Aregash, ta miƙe ta ce biyu na haya, biyu nata da ɗan ƙanwarta. Mesfin ya ce, "Guad Endris, haka ne?"

Daga baya Endris ya gaya mini da niyyar cika alkawari ya miƙe. Sai idonsa ya faɗa kan Toyba tana zaune a kan dutse ta tallafe ciki, ya tuna bakin da ya rantse da Maryama shi ne bakin da ya ce ya tashi bayan damina. Ya ce, murya can ƙasa, "Ni ɗan haya ne."

Da nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Mutane da yawa sun yi haka a ranar, kuma suka ci gaba da gaisawa da tsoffin masu gidansu.

Mesfin ya ce, "Ɗaga murya, guad. Yau ranarka ce. Faɗa wa jama'a irin zaman da kuka yi."

Endris ya fara da inda-inda, ya ambaci makullin makewayi. Wani daga baya ya yi dariya. Sai ya nuna yadda yake zuwa ƙofarta ya matse ƙafafu yana rawar jiki. Dariya ta ƙaru. Sai kawai ya sauke kafaɗa ɗaya, ya ja ƙafar hagu, ya laluba wuyansa kamar mai neman makulli, ya ƙanƙance murya: "Sau nawa yau, kai ɗan yunwa? Me ka ci da za ka fitar?" Wallahi kamar ita. Ba wanda ya san yana da wannan baiwar, shi kansa bai sani ba. Filin ya kece. Mata na riƙe ciki, maza na dukan cinya. Mutumin da shekara biyu ba wanda ya dubi fuskarsa a garin, yau ga ɗaruruwan idanu a kansa, duk suna son ƙari. Ya ƙara musu. Ya zagaye filin da ɗingishi. Ya kwaikwayi yadda take ƙirga itacen girki. Da abin faɗa ya ƙare masa, sai ya kawo zancen gahawar, da ciyawar da ta watsa, da "Endris, ɗana," da ƙanwar da ba a taɓa haifa ba.

Nan fuskar Mesfin ta canza. Ya sa aka fito da ita tsakiyar fili, ya kira ta mai shan jinin talaka da ta nemi yaudarar juyin juya hali. Ya ce ɗan abin da doka ta tanadar wa tsofaffin da ba su da wata hanyar ci in an karɓi gidajensu, ita ba za ta gani ba sai ta gyara halinta. Sannan ya ce ta ajiye makullin a kan tebur.

Makullin da gicciyen zarensu ɗaya, kuma ƙullin ya daɗe, ya sha gumi ya ƙanƙame. Ta sa yatsu tana kwancewa, ya ƙi. Ta sa haƙori. Wani ya miƙa wuƙa, ta ture hannunsa, don ba a yanka wannan zaren. Muna tsaye muna kallo, dariyar ta yi ta mutuwa har ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga ganye. Da ƙyar ya kwance. Ta ajiye makullin, ta mayar da gicciyenta, ta ratsa mu ta wuce gida da ɗingishin da aka gama kwaikwaya. Ba wanda ya iya kallon ƙafarta.

Toyba ba ta jira sun shiga ɗaki ba, a bakin shagona ta tare shi. "Gaskiyar da ka faɗa ban hana ka ba, don cikin nan ka faɗe ta. Rawar fa? Don wa ka yi ta? Ka sha gahawar matar nan har ta albarka, Baban Lubaba." Ya shige ya faɗa raminsa, amma ranar ban ji ƙarar ƙoshiya ba.

Alherin da dokar ta yi masa ba ƙarya ba ne, kuma shi bai taɓa cewa ƙarya ba ne. Toyba ta haihu a ɗakin da ba mai buga musu ƙofa. Abin da ya ragu daga haya ya zama zare, zaren ya zama gabi, mayafin audugar nan mai kauri da ba mai iya sanyin Dese ba tare da shi ba, kuma gabin Endris ya yi suna. Lubaba ta shiga makaranta da takalmi a ƙafarta. Shi da Toyba suka shiga ajin yaƙi da jahilci na kebele, suka koyi rubuta sunansu. A unguwarmu kaɗai iyalai da yawa ne suka daina kwanan fargaba.

Sai dai gidan ya zama maraya. Makewayin da aka cire wa kwaɗo, mutanen gidan suka fara morewa, sannan lungun gaba ɗaya, sannan 'yan kasuwar Litinin. Kafin a je ko'ina ya cika ya tumbatsa, kuma ba wanda ya ga dalilin da zai sa shi ya yi haƙa don wasu. Kwanon rufi da a da in ƙusa ɗaya ta ɗaga Emama Aregash ke sa a hau a buga, yanzu in ya yi yoyo sai mai ɗaki ya tara kwano ya kai ƙara kebele, kebele ta ce an ji. Sauran 'yan hayar biyu suka cire itacen dangar baya suka yi girki da shi, tunda na gwamnati ne.

Ita kuwa ta koma gaban kasko tana da shekara sittin da wani abu. Otal ɗin da ta yi wa aiki an karɓe shi, sai ta riƙa soya kaɗan tana sayarwa a ƙofar ɗaki. Bango ɗaya ya raba ta da Endris. Yana jin tarinta in hayaƙi ya shiga mata, yana jin nishinta in za ta miƙe. Ya daina bi ta gaban ƙofarta. In zai fita sai ya zagaya ta bayan gida ta wajen ƙazantar nan, ya ɓullo ta wani lungu. In yana shagona ya hango ta, sai ya juya fuska ga bango, ko da rabin kansa ne aka aske.

Da bikin cikar juyin juya hali ya matso, 'yan wasan kwaikwayon kebele suka zo neman sa ya fito a matsayin tsohuwa mai gidan haya, tunda kowa na tuna wancan. Ya nuna musu maƙogwaronsa, ya yi alamar murya ta tafi. Don kada a kama shi da ƙarya, haka ya zauna ba ya magana da kowa, har da 'ya'yansa, sai da aka gama bikin. Ban ƙara ganin ya kwaikwayi ko kaza ba.

Ya taɓa ba Toyba kuɗi ta kai wa Emama Aregash a ɓoye. Tsohuwar ta jefo su tsakar gida, ta ce ita ba almajirar kowa ba ce. Sai Toyba ta ɓullo da wata dabara, ta riƙa zuwa sayen injera kullum, alhali ta iya suya ba ta da na biyu.

"Kaskonki ya fashe ne, Toyba?"

"Ya fashe, Emama."

"Jiya ma ya fashe?"

"Bai warke ba."

Sai Emama ta zaɓo mata mafi ƙanƙanta, ta karɓi kuɗi cif, ba ragi.

Akwai lokacin da aka tattara masaƙan unguwa cikin ƙungiya, aka ce zare ba ya samuwa sai ta nan, masaƙa kuma ta zama ta haɗin gwiwa. Aka zo aka kwashe itatuwan da ya ɗauko a ka tun daga Yejju, aka kai wata rumfa. Emama Aregash tana zaune a ƙofarta ana wucewa da su. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sannu da zuwa, kai masaƙi, kai ma an karɓe naka." Ƙungiyar ta fara da kyau, zare da araha, ciniki ba yankewa, daga baya shugabanninta suka cinye ta, kowa ya sulale ya ɗauko abinsa.

Wata damina, bayan shekaru kusan goma da taron nan, ruwan da ya daɗe yana bin tsagin kwano ya gama jiƙa bangon da ke tsakaninsu. Da hantsi muka ji rugugi. Muka ruga, muka tarar rabin bangon ya zube, ƙura ta tashi, ga Endris a cikin raminsa ƙoshiya a hannu, ga Emama Aregash a kan kujerarta gaban kasko, suna kallon juna ido cikin ido, karon farko tun wancan fili. Ba wanda ya ji ciwo. Ita ta fara magana.

"To, ga ɗan ƙanwata. Ashe da gaske gida ɗaya muke."

Ya je kebele. Aka ce bangon gwamnati ne, ba a taɓa shi sai da izini, izini kuma sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai kayan aiki sun iso. Toyba ta rataya tsohon gabi a wurin. Damina ta ƙare, sanyi ya kunno kai, kwamiti bai zauna ba. Ran nan da safe tsohuwar ta sa sanda ta ɗage gabin.

"Kai masaƙi. Rabin bangon nan da ke kallona nawa ne, rabin da ke kallonka na gwamnati ne. Gwamnati ba ta jin sanyi. Ɗauko fartanya."

Na rufe shago na je taya shi ɗebo ruwa, shi ya sa abin da ya biyo baya a kunnena aka yi. Tana zaune a kujera tana ba da umarni, shi yana cikin laka har gwiwa yana tattakawa. Wannan ƙasar ba ta yi ba, a ɗebo ja ta gangare. Karan hatsin tef ɗin da aka zuba ya yi kaɗan. A bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa, wane jahili ne ke yaɓe da ɗanyar laka? Ya yi duk abin da ta ce, kansa a ƙasa. Ran da aka fara yaɓe, yana tsaye da curin laka a hannu, ya juya mata baya, sai na ji ya ce, "Emama, ki yafe mini."

Ta ɗago kai ta dubi bayansa.

"Wanne?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"In ɗakin ne, bar shi. Ni ma na yi haya, na san abin da ake ji. Da ni ce kai, ga mai ciki a gida, ga tsohuwa mai baki biyu, da abin da ka faɗa zan faɗa. Kuma da malamin nan ya ƙara ko kaɗan, da na tashe ka, rantsuwa ko ba rantsuwa, Allah ya sani." Ta gyara zama. "Tafiyar da ka kwaikwaya dai. Ka san inda na samo ta? Ƙasar da ka kwashe jiya daga bangon nan, a bayana ta hau tudun nan, kwando kwando, bayan na gama suyar dare da rana. A nan ƙugun ya goce. Shi ka zagaya fili da shi."

Lakar ta zame daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon bango, wuyansa da kunnuwansa duk sun jiƙe da gumi a cikin sanyin nan. Ni kaina na rasa inda zan sa idona, na shiga gyara bokitin da ba abin da ya same shi.

Ba ta ce ta yafe ba. Abin da ta ce shi ne, "Ɗauki wani curin. Ka danna da ƙarfi, ba saƙa kake yi ba."

Bangon ya tashi, ya fi na da. Kebele ta aiko a kira Endris kan ya taɓa kayan gwamnati ba izini. Mesfin ya daɗe da ɓacewa a rikicin da ya ci samarin garin, wasu ne a kujerar. Emama Aregash ta bi shi da sandarta ba tare da an gayyace ta ba, ta ce musu in bangon nasu ne su zo su ɗauke abinsu su mayar mata da ramin. Aka yi musu gargaɗi aka sallame su. Daga ranar ya koma bi ta gaban ƙofarta. Yakan tsaya ya gaishe ta, ta amsa a gajarce. Shi ke faskara mata itace, shi ke hawa rufinta. Amma ban taɓa ganin ya zauna a ɗakinta ba, kuma ba ya haɗa ido da ita.

Da mulkin sojan ya faɗi, mutane suka ɗauka za a mayar da gidaje. Wani ɗan wanta, Getachew, ya zo daga Addis Ababa ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi. Endris ya sa fararen kayansa ya bi shi ba a kira shi ba, ya ce wa ma'aikacin ya zo ya gyara maganarsa ta da, shi ɗan ƙanwarta ne, ƙarya ya yi a fili. Ma'aikacin ya dubi tsohon ya yi dariya, ya kira shi Gashe, yadda muke kiran dattijo, ya ce, "Gashe, ko ɗan cikinta ne kai, gidan da doka ta karɓa ya karɓu. Koma ɗakinka." Ya dawo ya zauna a bencina, ya ce, "Kassaye, ran da ƙarya za ta yi amfani na ƙi ta. Yau na kawo ta, ba mai saye."

Ta rasu bayan 'yan shekaru, ido ya riga ya tafi. Toyba ce ta yi jinyarta. Farin ƙyallen da aka naɗe ta da shi Endris ne ya saƙa, da zare mafi laushi da ya taɓa sa wa masaƙa, ya ba Toyba ta miƙa wa matan cocin ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba. Ya bi gawa har bakin harabar cocin, ya tsaya a waje. A rumfar makoki ya yi ta ɗaukar kujeru da ruwa, bai zauna ya ci komai ba. Getachew ya sayar da ɗakinta ga wani ɗan kasuwa, wanda ya rushe shi ya tayar da ginin bulo, ya jera fasassun kwalabe a kan katanga.

Lubaba ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a Kombolcha, ita da mijinta suka yi gida. Bayan rasuwar Toyba ta zo ta ɗauke mahaifinta, da ƙyar ya yarda. Na je na duba shi sau ɗaya. Gida ne mai kyau, da famfo a ciki. A baya sun gina ɗakuna biyu sun zuba 'yan haya, ɗalibai a ɗaya, wani direba da amaryarsa a ɗaya. Muna zaune a tsakar gida direban ya wuce ya rusuna ya ce, "Barka da hutawa, mai gida." Endris ya yi sauri ya ɗaga hannu. "A'a, ɗana, ni ba mai gida ba ne. Baƙo ne."

Lubaba ta kawo mana abinci tana ƙorafi. "Gashe Kassaye, ka yi wa abokinka magana. Na ce zan ƙara kuɗin haya saboda komai ya yi tsada, ya daina cin abincina har sai da na fasa. Sannan ɗaliban nan sun fasa mini ƙofa, na ce su gyara, ya tashi ya gyara da kansa, wai kada a bari ta lalace. Ni na rasa ɓangaren da yake."

Ya ce, "Ci abincinka, Kassaye, kada ya huce."

Ta ce mini duk farkon wata, ranar da 'yan hayar ke kawo kuɗi, da sassafe yake ficewa masallaci, ba ya dawowa sai ya tabbata an gama. A Kombolcha ya rasu, a shekarar da ta biyo. Ban samu zuwa jana'izar ba saboda ciwon ƙafa, amma Lubaba ta ce direban nan da ɗaya daga cikin ɗaliban suna cikin waɗanda suka ɗauki makara.